Jar MG ta gidan Kaka: yadda aikin ke tafiya

9 ga Nuwamba, 2024

Yau magada suka sa hannu. Motar da ta shafe shekaru tana kwance ƙarƙashin rumfar kwano a gidan marigayi Kaka, can wajen Ƙofar Sauri, ta zama tawa a rubuce, gaban mai unguwa da shaidu biyu. Lokacin da ake lissafin gado 'yan jari bola aka kira, suka yi mata kuɗi da nauyin ƙarfenta. Na ɗora a kan abin da suka taya, aka sallama mini, kowa ya karɓi rabonsa. Wasu a gidan sun ce takardar ta yi yawa tunda abin na cikin gida ne. Ni kuwa da ita na fara kafin in taɓa ko da noti ɗaya, domin tsohuwar mota irin wannan rabin darajarta a takarda take, kuma ranar da ta yi kyau ne za a tuna cewa gado ce.

Ga wanda bai san ta ba: MGB ce, 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu da rufin tamfol, ƙirar masana'antar MG da ke Abingdon kusa da Oxford a Ingila. An fara yin ta a 1962, aka rufe masana'antar a 1980, kuma a tsakanin nan an ƙera sama da rabin miliyan idan aka haɗa da 'yan uwanta masu rufin ƙarfe. Ke nan ba mota ce mai wuyar samu a duniya ba. A Ingila da Amurka tana nan birjik. Abin da ya bambanta wannan shi ne a Katsina ta tsufa.

23 ga Nuwamba, 2024

Mun fito da ita. Tayoyin sun narke sun manne da ƙasa, birkin baya ya kama, sai da muka ɗaga ta da jak muka sa mata katako. Cikin but akwai ɓawon gyaɗa da tsummoki, gidan ɓeraye zuriya bayan zuriya.

Baba makaniki, wanda ya koyi aiki tun zamanin da Morris da Austin ke yawo a garin nan, shi ne zai jagoranci aikin. Yaronsa ya durƙusa zai kwance tayar dama, ya duba bai ga noti huɗu da ya saba gani ba. Wilin irin mai wayoyi ne, sittin a kowace taya, kuma goro ɗaya ne babba mai kunnuwa biyu a tsakiya yake riƙe da shi, da guduma ake bugunsa. Yaro ya ɗauki guduma ya fara bugu yadda ake kwance kowane noti. Baba ya daka masa tsawa daga inda yake zaune: “Kai! Ɗaure ta kake yi. Na dama a juye zarensa yake, buga ta wajen gaban mota.” Ya karɓi gudumar, ya naɗa tsumma a kunnen goron don kada ya lotse, bugu uku ya saki. An yi zaren haka ne don juyawar taya ta riƙa ƙara ɗaure goron maimakon ta kwance shi. A nan na san ban yi kuskuren mutum ba.

Muka ja ta zuwa garejinsa, yaran unguwa na biye da mu har bakin titi.

14 ga Disamba, 2024

Hunturu ya shigo sosai, komai ka ajiye kafin azahar ya yi fari. Yau ranar lambobi ce.

Tun muna yara labarin da ake ba mu shi ne wannan motar tana cikin ayarin da ya tarbi Sarauniyar Ingila lokacin da ta zo Arewa, daga baya wani babban Bature ya bar wa Kaka ita kyauta. Na ji wannan daga bakin mutanen da nake jin nauyinsu. To amma Sarauniya a 1956 ta zo, aka yi mata hawan daba a Kaduna, ita kuwa MGB sai bayan shekara shida aka fara ƙera ta. Wannan ɓangaren ya faɗi tun kafin in buɗe bonet.

Da muka buɗe, muka goge wata 'yar farantin ƙarfe da ke jikin bango a ɗakin injin, sai lamba ta fito tana farawa da GHN3. Wannan alamar ƙirar farko ce, wadda aka daina a ƙarshen 1967. Da don ƙasashen da ke tuƙi a dama aka yi ta, da an ƙara harafin L a baya, kuma babu shi, don haka sitiyarin da ke dama tun daga masana'anta yake, ba wani ne ya juya shi ba. Lambar injin tana farawa da 18GB, wato injin da aka ƙara wa karanshaf mazauni ya zama biyar maimakon uku, kuma daga ƙarshen 1964 aka fara sa shi. Marikin ƙofa kuma mai maɓallin dannawa ne, ba irin na farko da ake jawowa ba, wanda aka canza a cikin 1965. Idan ka haɗa ukun, motar ta faɗo tsakanin 1965 da 1967. Cikakkiyar lambar ba zan rubuta ta a nan ba, akwai masu buga lambar wani a jikin gawar mota.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne dogarawan da ke ƙarƙashin ƙofofi. MGB ba ta da shasi daban kamar yayarta MGA, bodin ne gaba ɗaya yake ɗauke da nauyi, kuma ƙarfinsa a waɗannan dogarawan yake. A Ingila su ne ke fara ruɓewa saboda damshi da gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, har ka ga mota ta lanƙwashe a tsakiya ƙofa ta ƙi rufuwa. Baba ya bi su da ƙaramar guduma daga gaba zuwa baya, ƙara ɗaya suke bayarwa. Busasshiyar iskar da muke kuka da ita ce ta adana su. Inda tsatsa ta ci shi ne daɓen ɓangaren fasinja, daidai inda kwanon rumfar ke yoyo kowace damina.

5 ga Janairu, 2025

Na je gaida Goggo a Daura, ita ce babba cikin 'ya'yan Kaka da suka rage. Na yi mata maganar motar a hankali, don na san labarin Sarauniya ba ƙaramin abu ba ne a wajen wasu. Sai ta yi dariya har da tafa hannu.

“Wace Sarauniya kuma, ɗan nan? Malam saye ya yi. Ina ɗakin aka ƙirga kuɗin.”

“Goggo, a hannun wa?”

“Wani Bature mai koyarwa a sakandare, dogo, kullum da gajeren wando. Zai koma gida ne. Kuma lokacin ana ta maganar za a juya hannun tuƙi, masu irin motocin nan kowa na neman kai da tasa.”

Ta sa jikarta ta jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. A ƙasan turamen zannuwa akwai ambulan ɗin da ya yi ja don tsufa. Ciki akwai rasit na hannu da aka rubuta da alƙalamin tawada, shekarar 1971, kuɗin kuma da fam aka rubuta shi, wanda ya yi daidai tunda sai 1 ga Janairun 1973 naira ta fito. Lambar shasin da ke kan rasit ɗin ita ce wadda muka goge a gareji, harafi da harafi. Maganar juya hannu ma ta zauna: ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hagu ta koma dama. Akwai kuma tsofaffin takardun lasin, na baya-bayan suna ɗauke da lamba mai KD, saboda har zuwa Satumban 1987 Katsina a cikin Jihar Kaduna take. Na ƙarshe a cikinsu na tsakiyar shekarun 1980 ne, daga nan babu sabuntawa.

Sai hoto ɗaya, baƙi da fari. Kaka da babbar riga ya cika kujerar direba, hannun rigar ya zubo ta saman ƙofa, hularsa ta fi gilashin gaba tsawo. Goggo tana tsaye a gefe, budurwa, ta kama madubi. Ta ce ranar wata sallah ce, za su kallon hawa. Ta ce Kaka bai taɓa ɗaga rufin ba sai in ruwa ya sauko, saboda in ya ɗaga dole ya cire hula.

Ta ba ni rasit da lasin, hoton kuwa ta ce in ɗauka a waya in bar mata abinta. Haka aka yi.

2 ga Fabrairu, 2025

Na aika da lambar shasi zuwa gidan tarihin motocin Birtaniya da ke Gaydon. Su ne ke riƙe da littattafan da masana'antun suka riƙa rubuta kowace mota a ciki, kuma suna ba da takardar shaida in ka biya. Sai jira.

A gareji an sauke injin. Sifanonin yaran duk na milimita ne, motar kuwa da inci aka ɗaure ta, sai da Baba ya je gida ya ɗauko tsohon akwatinsa.

22 ga Fabrairu, 2025

An buɗe injin, kuma a nan aka fara ganin hannun mutanen da suka riƙe motar da rai bayan kayan gyaranta sun ɓace daga kasuwa.

Asalinta kafireta biyu take da su, ƙirar SU, a jere. Babu su. Wani ya ƙera mazauni da walda ya ɗora kafireta ɗaya ta wata motar Japan. Bayan kujeru akwai murfi, a ƙarƙashinsa ramuka biyu na batir biyu masu bolt shida-shida, haka aka yi ta. Yanzu batir ɗaya ne mai bolt goma sha biyu aka cusa a rami guda, aka kuma juya wayoyin, domin waɗannan na farko waya mai alamar tarawa ce ke haɗe da bodi, akasin motocin yau. Famfon mai ma ba nata ba ne. Yaron Baba ya ce an ɓata mota. Ni ban ga haka ba. Wanda ya yi waldar nan ya san aikinsa, kuma ba don shi ba da tun shekarun 1970 aka jingine ta. Zan mayar da SU biyu saboda da su injin mai cc 1798 ke ba da ƙarfin doki 95 da aka san shi da shi, amma mazaunin waldar zan wanke shi in ajiye tare da takardu. Batir ɗin kuwa zan bar shi yadda aka juya, babu wanda zai ba ni batir mai bolt shida a Katsina duk lokacin da na buƙata.

Fistin huɗu lafiya, sai zobba da za a canza. Tof zai tafi Kano a sa masa mazaunan bawul masu tauri, tunda an yi injin ne don fetur mai dalma, na yanzu kuwa babu ita. Lagireto ma can za shi a sake masa ciki. Motar da aka auna da sanyin Ingila za ta sha bazarar Katsina, ba zan yi wasa da wannan ba.

Na zaga kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ko za a dace da SU. An nuna mini kafiretoci iri-iri, har da wanda aka rantse mini na MG ne alhali na Peugeot 504 ne ƙarara. Dole sai daga waje. Sa'ar da aka yi ita ce kusan kowane ƙarfe na MGB har yau ana ƙera sabonsa a Ingila, har da bodi sukutum tun 1988. Abin da ke ciwo shi ne canjin fam da kuɗin dako.

16 ga Maris, 2025

Azumi, aiki ya ja baya. Abu ɗaya aka yi: wilunan. Na kai su wajen wani dattijo mai gyaran keke. Ya ɗora kowanne a kan sanda yana juyawa, yana kaɗa wayoyin da ɗan ƙarfe yana saurare, wadda ta yi sako-sako ƙararta daban. Ya ce aikin ɗaya ne da na keke, nauyi ne kawai ya bambanta. Ya ware waɗanda suka karye, za a haɗa su cikin odar da ke tafe. Irin wannan wilin sai da tub, mai faci ya riga ya san da zuwana.

12 ga Afrilu, 2025

Takardar Gaydon ta iso. Ta ce an ƙera motar a 1966, sitiyari a dama, launi ja wanda kamfanin ke kira Tartan Red, kujeru baƙaƙe, wili mai wayoyi. Lambar injin da ke cikin littafinsu ita ce ke jikin injin da ke kan bencin Baba. Wannan shi ne abin da masu tara tsofaffin motoci ke fara tambaya, ko injin da aka haife ta da shi ne a cikinta, kuma mota da yawa da suka fi wannan sheƙi ba za su iya amsa e ba. Takardar ta kuma nuna an sayar da ita ne ta tsarin da mai aiki a ƙasar waje ke sayen mota a Ingila ba tare da harajin cikin gida ba, da sharaɗin zai fita da ita. Wannan ya dace da malamin makarantar da Goggo ta kwatanta.

Yanzu sarƙar ta haɗu: masana'anta a 1966, rasit a 1971, lasin shekara bayan shekara da sunan Kaka, sai takardar magada ta bara. Na sa kowacce a leda, na yi hotonsu, na ajiye kwafi a wani gidan daban.

Na karanta wa Kawu takardar. Ya yi shiru, can ya ce, “To ai ko ba Sarauniya, Bature dai ya hau ta.” Na ce ƙwarai, Kawu.

10 ga Mayu, 2025

Labari ya kai Abuja, ban san ta bakin wa ba. Wani dillali ya zo har gareji da babbar mota, ya zaga gawar MG ɗin yana ɗaukar hoto. Ya taya kuɗin da ya sa yaran Baba suka daina aiki suka juyo. Amma da sharaɗi.

“Yallaɓai, Katsina garin folo ne. Kowa ya san Sarki Dikko, kowa ya san Sarki Usman Nagogo da dawaki. Ka bar ni in ce daga gidan sarauta ta fito, ko ta wani ɗan wasan folo ce. Kai ba sai ka ce komai ba.”

Na ce masa ga takardu, malamin sakandare ne ya kawo ta, malamin zaure ya saye ta, abin da ke akwai ke nan. Ya ce wannan ba ya sayar da mota. Wataƙila ya fi ni sanin kasuwarsa. Sai dai duk wanda zai biya irin kuɗin nan zai nemi shaida, kuma ranar da ya gano ƙarya ɗaya, rasit ɗin Goggo na gaskiya ma ya zama abin zargi. Ban da haka, jingina wa gidan sarauta abin da ba nasu ba a garin da kowa ya san kowa, ba da ni ba. Dama ban ce zan sayar ba. Ya bar lambarsa a hannun yaron Baba.

Baba bai ce uffan ba sai da motar ta fita. Sannan ya ce, “Malam, miƙo mini sifana rabin inci.”

21 ga Yuni, 2025

Maganar fenti ta ɗauke mu makonni muna ja-in-ja. Farin da ke jikinta yanzu ba nata ba ne, Goggo ta ce Kaka ne ya sa aka shafa saboda wai ja ya yi wa malami rawar kai. A ƙarƙashin dashbod da cikin but jan asali yana nan bai dusashe ba, kuma da mai fenti ya kankare gefen ƙofa da takarda mai laushi, sai ga shi ya fito a ƙarƙashin farin.

Masu tara motoci sun kasu biyu a nan. Wasu na son a mayar da mota kamar ranar da ta fito daga masana'anta, wasu na ganin fentin da ya tsufa a jikinta shi ma tarihi ne, in ka kankare ba ya dawowa. Da farin an yi shi da kyau da na bar shi, don shi ne motar Kaka da muka sani. Amma da buroshi aka shafa wani wajen, ya tsattsage, ruwa na shiga ƙarƙashinsa. Za a koma ja. Cikin murfin but kaɗai zan bari yadda yake, fari a kan ja, don mai dubawa ya ga duka biyun. Na gargaɗi mai gyaran bodi a kan bonet: na alminiyom ne a waɗannan na farko, ba a bugunsa kamar ƙarfe, kuma ba a sa masa wuta yadda aka saba.

An yanke daɓen da ya ruɓe an sa sabo. SU biyu sun iso tare da zobba da gasket.

26 ga Yuli, 2025

Ta tashi. Baba ya cika ƙananan tulunan da ke saman kafiretocin da man inji, ya murɗa makulli, famfo ya yi ta ƙyas-ƙyas har ya cika ya yi shiru, sannan ya ja cok. A bugu na uku ta kama, hayaƙi ya turnuƙe garejin, masu shayin bakin titi suka shigo kallo. Daidaita kafireta biyu su ja iska daidai da juna shi ne aikin, kuma Baba da guntun tiyo ya yi shi, baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin kowace kafireta, yana murɗa sukuru har shaƙar ta zama iri ɗaya.

Na zaga da ita cikin filin garejin. Zama ne a ƙasa sosai, ƙafafu a miƙe, kana jin ƙamshin mai da zafin injin a gwiwa. Giya ta ɗaya ba ta shiga sai mota ta tsaya cak, haka ƙirar farko take, in ka matsa mata za ta yi maka ƙara. Keke Napep zai iya ba ta wahala a cunkoson Ƙofar Ƙaura, kuma kowace Corolla za ta wuce ta a hanyar Daura. Amma sitiyarin babu wani abu tsakaninsa da taya sai ƙarfe, duk tsakuwar da ka taka sai ta gaya maka a tafin hannu. Tsayinta daga ƙasa inci biyar ne kacal, don haka tudun rage gudu na cikin gari sai an hau shi a karkace, in ba haka ba salansa ta tafi.

17 ga Agusta, 2025

Saura babbar matsala, sitiyari. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha nanata cewa ƙa'idar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Juya MGB ba gagara ba ne, tun asali an tsara bodin ya karɓi kowane ɓangare saboda yawancinsu Amurka aka kai, amma sai an canza dashbod da akwatin sitiyari da wurin feda. In na juya, motar ta saɓa wa takardar Gaydon da hoton Goggo. In ban juya ba, tana iya ƙarewa a ɗaukar ta a bayan babbar mota zuwa wajen baje koli. Baba na ganin a juya a ajiye tsofaffin kayan a akwati, duk mai so ya mayar. Ni har yanzu ina jan ƙafa. Na rubuta wasiƙa ina neman a bayyana mini matsayin tsohuwar mota da ta riga ta yi rajista a ƙasar nan tun kafin 1972, na haɗa da kwafin lasin ɗin Kaka.

Kafin amsa ta zo akwai abin yi. Birkin gaba na jiran sababbin robobi, mai ɗinkin kujera ya karɓi tsohon tamfol zai yanka sabo a kansa, rewaya kuma zai zo ranar Asabar saboda fitilar baya ta hagu na kamawa duk lokacin da aka taka birki tare da sigina. Fenti sai ruwa ya ɗauke, mai fenti ya ce ba zai fesa ja a cikin damshin Agusta ba.